Batir Wane Girma Zai Riƙe Lasifika A Mota? Lissafin Da Na Koya Bayan Mun Tura Bas

Ga rubutaccen shirin wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Yau maganar batir za mu yi. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da batir, to ku ɗan ba ni minti biyu.

Bara cikin watan Afrilu muka ɗauki hayar bas zuwa wani ƙauye, gangamin wayar da kan matasa kan shaye-shaye. Mun ɗora lasifika biyu, amfilifaya, miksa, makirufo marar waya da kwamfuta. Janareta muka ce ba za mu ɗauka ba, ga tsadar fetur, ga ƙarar da ke danne muryar mai magana. Ni ne na kawo shawarar a jona inbata da batirin motar kawai. Direban dattijo ne, ya kalle ni ya ce, "Ɗana, wannan batirin na tada mota ne fa, ba na biki ba ne." Na ce, "Baba, kar ka damu, na yi lissafi." Kuma wallahi na yi. An rubuta 75Ah a jikin batirin, kayanmu na jan wajen amfiya 25, na raba, ya ba ni awa 3. Taronmu kuwa na yi kirdadon ba zai kai haka ba.

Awa ɗaya da rabi aka yi. Mai unguwa na tsakiyar jawabi inbata ta fara kuka, tit tit tit, sai komai ya ɗauke. Aka ƙarasa taron da baki, rabin mutane suka watse. Da muka zo tafiya bas ta ƙi tashi, samarin da muka zo yi wa nasiha su suka tura mu. Bayan 'yan makonni Baba direba ya kira ni ya ce batirin ya daina riƙe caji. Kuɗin da muka ware na buga takardu, da shi muka saya masa sabo.

To daga nan na zauna na karanta abin da kyau. Abin mamaki, inda na fi samun bayani wajen Turawan nan ne masu motar kwana, irin wadda ake sa wa gado da kicin a ciki a tafi yawon hutu, a Ingila da Jamus da sauransu. Su sun daɗe da raba gari da wannan matsalar: motarsu batir biyu gare ta. Ɗaya na tada inji, ba a taɓa shi. Na biyun suna ce masa batirin shaƙatawa, shi ke riƙe fitila da firji da kayan kiɗa idan an kashe mota. Lissafin da suke yi wa kayan kiɗansu shi ne dai wanda mai tallan magani, mai wa'azi a mota, mai sanarwar rigakafi da ɗan gangami irina ke bukata.

Mu fara da abin da Baba direba ya sani ni ban sani ba. Batirin mota da batirin sola duka na dalma da ruwan asid ne, fasahar da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859, amma ginin cikinsu ya bambanta. Na mota farantansa sirara ne masu yawa, an yi shi ya tunkuɗo ɗaruruwan amfiya cikin daƙiƙa biyu ko uku, injin ya tashi, altaneta ta mayar masa da ɗan abin da ya bayar. Na sola ko na inbata farantansa masu kauri ne, an yi shi ya riƙa bayarwa a hankali na sa'o'i, a sake cika shi, gobe ma haka. Idan ka tatse batirin mota har ƙasa, gishirin dalma yana daskarewa a jikin farantan, sau kaɗan za ka yi masa haka ya tashi aiki. Mu sau ɗaya muka yi, da yake dama ya kwana biyu.

Yanzu lissafi. Kada kowa ya gudu, ninkawa ne da rabawa kawai.

Abin da aka rubuta a jikin batir, Ah, yana nufin amfiya sau awa. Amma kayan sauti da wat ake auna su. Abin da ke haɗa su shi ne: bolt sau Ah, ya ba ka wat-awa. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana da wat-awa 1,200 a takarda. Ku riƙe kalmar nan, a takarda, za mu dawo kanta.

Mataki mafi wuya shi ne sanin abin da amfilifaya ke ci da gaske, kuma a nan kasuwa ke ruɗa mutane. Za ka ga akwatin lasifika da yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya an manna masa 5000W. Duba da kyau, za ka ga PMPO a gefe. Wannan adadin na talla ne, ba shi da ƙa'idar awo da kowa ya yarda da ita, ka manta da shi gaba ɗaya. Wanda za ka nema shi ne RMS, ko kuma ka juya bayan na'urar ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga.

Amma ko RMS ɗin ma ba shi ne abin da take ci kowane lokaci ba. Tamu amfilifayar wat 500 ce. Idan na ninka 500 da awa 4 zan je in sayo batir ninki uku na abin da nake bukata. Dalili shi ne sauti hawa da sauka yake yi. Mai magana yana numfashi, yana tsayawa, ganga ta buga ta yi shiru kafin ta sake bugawa. Masu ƙera kayan sauti da kansu suna auna cin wutar amfilifaya ne a kashi 1 cikin 8 na ƙarfinta, domin nan ne matsakaicin kiɗa yake idan ba a ƙure ta ba. Idan kuma an ƙure ta har sauti ya fara fashewa, sai su ɗauki kashi 1 cikin 3. Kashi 1 cikin 8 na 500 wajen 63 ne. Kashi 1 cikin 3 kuma wajen 167.

Sai a ƙara asarar zafi. Amfilifaya ba ta mayar da duk wutar da ta ci ta zama sauti. Tsofaffin nan masu nauyi kamar dutse, ajin AB, kusan rabin abin da suka ci zafi yake zama, wani lokacin ma fiye. Sababbin marasa nauyi, ajin D, suna amfani da kashi 80 zuwa 90 cikin 100. Tamu ajin D ce, don haka 63 ɗin nan ya koma wajen 80, shi kuma 167 ya koma wajen 210. Mu a fili muke aiki, kuma kun san halin ɗan Najeriya da maɓallin ƙara, amma yawancin taronmu jawabi ne, kiɗa kafin a fara ne da bayan an gama. Sai na tsaya a tsakiya, na ba ta wat 150. Daga baya na ari mitar nan mai baki kamar awartaki, wadda ake maƙala wa waya, na auna, kuma abin da na gani bai yi nisa da haka ba. In kana da wanda zai ara maka ita, awo ya fi kirdado sau goma.

Sauran kayan ba su da rikici. Miksa wat 20, akwatin makirufo 10, kwamfuta 50, fitilu biyu na dare 20. Haɗa da 150 na amfilifaya, ya zama wat 250. Taro da shirye-shiryensa awa 4, kuma a nan ka faɗa wa kanka gaskiya, ka sa har lokacin gwaji da lokacin jiran manyan baƙi, domin lasifika a kunne take duk tsawon jiran. 250 sau 4, wat-awa 1,000.

Inbata ma tana cin nata kason. Juya wutar batir zuwa irin ta soket yana tafiya da wajen kashi 15 cikin 100. Sai ka raba 1,000 da 0.85, ya ba ka kusan 1,180. Raba wannan da bolt 12, ka samu 98Ah, mu ce 100. Wannan shi ne abin da za a zuƙe daga batir a taro ɗaya.

To sai a sayi mai 100Ah ke nan? A'a. Nan ne na faɗi bara.

Abu na farko, batirin dalma, ko da na sola ne, ba a son a riƙa wuce rabinsa. Zai iya ba ka fiye da rabi, amma kowane zurfafawa yana rage masa kwana. Saboda haka duk abin da lissafi ya ba ka, ninka shi biyu. 100 ya zama 200Ah.

Abu na biyu shi ne wanda kusan ba mai sayar da batir da zai gaya maka. Adadin da ke jikin batir an auna shi ne a kan jan wuta a hankali, galibi cikin awa 20, shi ya sa za ka ga C20 a gefe. Wato mai 100Ah zai ba ka amfiya 5 na awa 20. Ba ya nufin zai ba ka amfiya 50 na awa 2. Da zarar ka matsa masa, jimillar abin da zai bayar tana raguwa. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Peukert ne ya bayyana wannan a 1897, har yau da sunansa ake kiran ƙa'idar. Ni yadda na fahimce ta, kamar rijiyar da ruwanta ke tsattsafowa ne: ka ja guga a hankali ka wuni kana samu, ka sa injin ban-ruwa cikin ɗan lokaci ka ji ya fara jan iska. Batirin Baba direba mai 75Ah an auna shi ne a kan ƙasa da amfiya 4. Mu muka ɗora masa 25. Da ƙa'idar Peukert, ko sabo ne ba zai cika awa 2 ba, balle wanda ya sha zafin shekara biyu. Awa 3 ɗina a takarda kawai take.

Idan ka sa wannan a lissafi, amfiya 25 a kan batir mai 220Ah zai ɗauki wajen awa 7 kafin ya ƙare ƙaf, don haka awa 4 ɗinmu ya ɗan haura rabi kaɗan. Ma'ana ga kaya irin namu, 220Ah shi ne mafi ƙarancin abin da zan amince da shi a na dalma, 200 kuma ya yi ɗan matsi.

Sai dai ga wata matsala. Dogon batirin nan na tubula mai 220Ah da ke cike da shagunan sola, nauyinsa ya kai wajen kilo 60, kuma ruwa ne a ciki. An yi shi ya zauna a lungun ɗaki. Ka ɗora shi a bas ka bi hanyar ƙauye mai gargada, asid zai fantsalo ya ci maka shimfiɗar mota da wandon wanda ya zauna kusa. Kuma lokacin caji yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, ba a rufe shi a akwati marar mafitar iska. Ga mota, rufaffen batir ya fi, AGM ko jel. Za ka iya haɗa biyu masu 110Ah, jan kai da jan kai, baƙi da baƙi, bolt ya tsaya 12, Ah ya taru. Amma su zama iri ɗaya, sa'annin juna. Ka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Sai litiyam, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4. Shi bolt 12.8 ne, ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa ba tare da an cuce shi ba, kuma matsalar Peukert kusan ba ta taɓa shi. 1,180 raba 12.8 ya ba ka 92Ah. Mai 100Ah zai yi amma da ƙyar, ba ragowa idan taro ya ja. Mai 120 ko 150 shi ne kwanciyar hankali. Mai 100Ah nauyinsa wajen kilo 12 ne, na dalma mai wannan adadi kuwa yana kusantar 30. Yana jure caji da saukewa sau dubbai, na dalma ɗaruruwa. Tsadarsa ce a gaba. Ra'ayina, ƙungiyar da ke fita kowane mako ta daure ta tara ta sayi litiyam, domin kafin ya mutu ta binne na dalma biyu ko uku. Wadda ke fita sau ɗaya a wata biyu kuwa, na dalma ya ishe ta, da sharaɗin a cika shi a ranar da aka dawo. Barin batirin dalma a sauke na kwanaki ya fi amfani da shi kashe shi.

Bari in ɗan koma baya, domin akwai hanyar rage girman batirin tun daga tushe, kuma da na san ta da wuri da mun yi tanadin kuɗi. Kunnen mutum ba ya jin ƙara daidai da wat. Ka ninka wat biyu, ƙarin da za a samu desibel 3 ne, ɗan kaɗan ake ji. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, sai ka zuba wajen ninki 10 na wuta. To kun ga ɗan murɗawar ƙarshen nan da yaron miksa ke yi, wadda ba ta ƙara komai sai fashewar sauti, ita ke shanye batir. Sannan bugun ƙasa, wanda ke girgiza ƙirji, shi ya fi komai cin wuta. Idan jawabi ne aikinka, lasifikar ƙaho irin ta masallaci ta fi akwati kai murya nesa da wuta kaɗan, nesa ba kusa ba. Ba ta da daɗin kiɗa, gaskiya ne, amma wat 30 a ƙaho zai kai sanarwa inda akwati zai nemi ɗaruruwa. Kuma idan ka samu amfilifayar da ke aiki da bolt 12 kai tsaye, irin ta mota, ka tsallake inbata da kashi 15 ɗinta. In kuwa dole sai da inbata, nemi mai tsabtatacciyar wuta, wadda aka rubuta wa Pure Sine Wave. Mai arhar nan ita ke sa ka ji zzzz a lasifika, ka yi ta zargin makirufo.

Yanzu maganar da ba na so kowa ya tsallake: waya da fiyus. A bolt 12 amfiya yawa take yi. Inbata mai wat 1,000 idan ta cika ciki tana jan kusan amfiya 100 daga batir. Siririyar wayar gida ba za ta ɗauki wannan ba, za ta yi zafi ta narke. Ana bukatar mai kauri, wajen milimita 25 murabba'i, kuma gajeriya, kada ta wuce mita ɗaya da rabi. Sai fiyus na amfiya 100 a kan jar wayar, dab da kan batir. Aikin fiyus ɗin kare wayar ne: idan ta goge ta taɓa ƙarfen mota, batir zai tura ɗaruruwan amfiya nan take, kuma a mota mai fetur da mutane a ciki. Na sha ganin motocin talla an naɗe waya a kan batir da hannu an ɗaure da leda. Don Allah a daina. Batirin kuma a ɗaure shi da bel, kada birki ya wurgo shi.

Caji fa? Abin da ka cire sai ka mayar. 100Ah da caja mai amfiya 20 awa 5 ne a lissafi, amma batirin dalma yana jan ƙafa idan ya kusa cika, ka ba shi awa 7 zuwa 8. Da wutar da ake kawo mana, kun san wannan na iya zama kwana biyu. Da sola kuwa, a Arewa muna samun kwatankwacin awa 5 ko fiye na cikakkiyar rana. Faranti na wat 400 sau 5, cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara, ya ba ka wajen wat-awa 1,500, wanda zai mayar da taro ɗaya cikin wuni ɗaya. Da hunturu sai an riƙa goge ƙura. Masu motar kwana na Turai suna kuma caji daga altaneta yayin tafiya, amma ta wata na'ura da ke raba batiran biyu da zarar an kashe inji, don kada kayan kiɗa su taɓa na tada mota. Litiyam kada a jona shi da altaneta kai tsaye, yana zuƙar wuta da ƙarfin da zai iya ƙona ta, sai da cajar da aka yi domin haka.

Su Turawa sanyi ne damuwarsu, domin litiyam ba a cajinsa ƙasa da digiri 0. Mu zafi ne. Ana auna batir a digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba kwanan na dalma biyu. A Kano ko Sakkwato cikin Afrilu waje ma ya haura 40, balle cikin rufaffiyar bas da aka ajiye a rana. In an dawo a sauke shi a kai inuwa.

Ƙaramar mitar auna bolt ba ta da tsada, a saya. Batirin dalma da ya huta 'yan sa'o'i ba caji ba lodi, 12.7 cike yake, 12.2 rabi ne, 12.0 ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu. Kada ka jira kukan inbata, domin yawancinsu sai wajen 10.5 suke yankewa, lokacin an riga an yi ɓarna. Litiyam kuma bolt ɗinsa ba ya faɗin gaskiya, yana tsayawa kusan wuri ɗaya har ya kusa ƙarewa, sai ka dogara da allon da ya zo da shi ko manhajarsa ta waya.

Wani ya tambaye ni yadda zai gane ko adadin da ke jikin batir na gaske ne. Fara da sikeli. Batirin dalma da aka rubuta wa 100Ah amma bai kai kilo 20 ba, ajiye musu kayansu. In ka riga ka saya, cika shi, jona masa ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55, wanda ke jan wajen amfiya 4 da rabi. Bar shi awa 11, cire, bari ya huta, auna. Na gaske zai nuna wajen 12.2. In ka ga ƙasa da 12, koma shago da rasit ɗinka tun garanti bai ƙare ba.

Mu dai a ƙarshe rufaffu biyu masu 110Ah muka saya, kuɗinmu bai kai litiyam ba, muka ƙara ƙaho ɗaya domin jawabi. Fitar da muka yi ta ƙarshe awa 4 da minti 20 muka yi, washegari da safe kafin in jona caji mita ta nuna 12.2. Baba direba har yanzu shi ke kai mu, kuma kafin a tashi sai ya zagaya ya leƙa da kansa ya tabbatar ba wata waya da ta nufi batirinsa.

Mai kaya daban da namu ya turo wat ɗin da ke bayan kowace na'ura da yawan awannin taronsa, mu yi lissafin tare a shiri na gaba.